Neman aikin magaziniye a Maraɗi: me ke hana dosiye wucewa?

Mutari:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Shawara nake nema. Ina da lisans a fannin gudanar da kasuwanci daga jami'ar Tawa, na kuma gama sarbis sibik ɗina, wato aikin bautar ƙasa, a wata ma'aikata nan cikin gari. Aikin da raina ke so shi ne kula da mangaza, wato magaziniye, ko mataimaki a ɓangaren lojistik, a ƙungiya ko a kamfani. Duk sanarwar da ta fito ina kai dosiye, har da na kontabul da na masu tattara bayanai a ƙauyuka, don kada in zauna haka nan. Amma ko kiran jarrabawa ba a yi mini. Waɗanda suka san harkar, don Allah a ina matsalar take?

Lawali:
Wa alaikumus salam. Matsalar guda ce, ba ka da kowa. Kai ma ka san zancen PAC, dangi da abokai da ƴan sani. Sanarwar da anka liƙa, an riga an san mai wurin tun kahin a buga ta. Ni da diflomata ta BTS ga ni bisa kabu-kabu, kuma wallahi ba ni da bashin kowa. Ka nemi babur tun kana da sauran kuɗin hotokopi.

Bashir:
Lawali ka fara ke nan. Mutum ya nemi shawara ka ba shi ta'aziyya.

Hajiya Rabi:
Mutari ƙanena, na daɗe ina aikin ɗaukar ma'aikata, bari in gaya maka abin da ke faruwa da ambulan ɗinka bayan ka juya baya.

Wuri guda ake nema, amma ambulan sai ta cika kwali. Mutum uku ko huɗu ne za su zauna, da takarda mai layi-layi a gabansu: difloma da aka nema, shekarun aiki a wannan fanni, takardun da aka lissafa. Ba karatu ake yi ba a wannan mataki, cirewa ake yi. An ce kaziye, takardar kotu mai nuna ko an taɓa hukunta ka, wadda ba ta wuce wata uku ba, taka ta wuce, an ajiye ka gefe. An ce kofi legalize, wato mai hatimin hukuma, ka sa hotokopi tsura, gefe. An ce katin ANPE, hukumar kula da masu neman aiki, ka sa wanda ya mutu, gefe. An ce a rubuta sunan aikin a bayan ambulan, ka bar ta fara, wani lokaci ko buɗe ta ba a yi. Babu mugunta a ciki, hanya ce ta rage tulin.

Sai waɗanda suka tsira a duba CV. Ka ce kana kai wa na kontabul, da na masu tattara bayanai, da na mangaza. To in tambaye ka: CV guda ce kake kai wa duka?

Mutari:
E Hajiya, guda ce. Wasiƙar ce nake canza sunan wurin da kwanan wata.

Hajiya Rabi:
To ka gani. Mai dubawa yana neman kalmomin da ke cikin sanarwarsa: fish ɗin kaya (katin da ake rubuta shiga da fita da saura), takardar shiga, takardar fita, ƙidayar ƙarshen wata, Excel. Idan idonsa ya bi shafin farko bai gan su ba, ya wuce. Ba shi da lokacin da zai zauna ya yi maka tunanin cewa mai lisans ai zai iya. Turo mini abin da ka rubuta a ƙarƙashin sarbis sibik.

Mutari:
Na rubuta sunan ma'aikatar, da shekarun, sai na ce na yi aiki a sashen kuɗi da kayan aiki.

Hajiya Rabi:
Me ka yi a can da hannunka?

Mutari:
Ni ke riƙe da makullin ɗakin kaya. Takarda, tawadar na'ura, kujeru, tayoyin motoci, duk abin da ya shigo ni ke rubutawa, mai son abu sai ya kawo bon, takardar neman kaya, da sa hannun shugaba. Ƙarshen shekara mu ƙirga komai da kontabul.

Hajiya Rabi:
Ikon Allah. Wato shekara biyu kana aikin magaziniye, amma takardarka ba ta faɗa ba. Wannan da ka rubuto mini yanzu shi ne ya kamata ya zama a saman CV, layi-layi, da Faransanci mai sauƙi: abin da ka riƙe, takardun da ka cika, wanda kake kai wa rahoto. Kuma ka koma wurin shugaban da ka yi aiki a ƙarƙashinsa, ka roƙe shi atestasiyo, wato takardar shaidar aiki, wadda ta ambaci waɗannan ayyuka da sunansu. Wadda ake bayarwa ta gama-gari, mai cewa wane ya yi sarbis sibik daga kaza zuwa kaza, ba ta shaida komai sai cewa ka zo ka tafi.

Lawali:
Duk wanga gyaran takarda ne Hajiya. Ki rantse ba ki taɓa ganin an kira waya an ce a sa sunan wane ba.

Hajiya Rabi:
Ba zan rantse ba Lawali, na gani, kuma ba sau ɗaya ba. Amma abu biyu ne kake haɗawa. Akwai wanda ake cusawa bai san komai ba, wannan zalunci ne, kuma yana faruwa. Akwai kuma wanda idan sunansa ya fito, wani a teburin zai ce na san shi, ya yi mana sitaj, kayansa ba su taɓa ɓata ba. Wannan ba cushe ba ne, shaida ce. Mangaza wuri ne na dukiya. Babu mai hankalin da zai miƙa makullin kayan miliyoyi ga mutumin da babu wanda zai ce ga halinsa. Ta farkon, ɗan talaka ba shi da ita. Ta biyun kuwa yana iya gina ta da kansa.

Lawali:
Da baki komi mai sauƙi ne.

Sanusi:
Salamu alaikum. Na ga ana zancen sana'ata, bari in sa baki. Mutari, a ce dosiye ta wuce an kira ka. Ga irin tambayar da muke ba masu neman wurin, kowa ma shi gwada:

Abincin nan na yara masu tamowa, kwali guda ƙunshi 150 ne. Da safe kana da kwali 40. Cibiyoyi uku sunka zo sunka ɗauki ƙunshi 1,275 gaba ɗaya. Mi za ka rubuta a fish da marece?

Bashir:
Kwali 31.5

Sanusi:
Lissahi ya yi, aiki bai yi ba. Wa ya taɓa ganin rabin kwali a fish? Ranar da mai bincike ya zo, ƙunshi zai ƙirga.

Mutari:
Saura ƙunshi 4,725, wato kwali 31 rufaffu da ƙunshi 75 a buɗaɗɗen kwali. Ni da ƙunshi zan riƙe fish ɗin, tunda da ƙunshi ake fitarwa.

Sanusi:
Madalla. Ta biyu. Kaya sun zo kashi biyu. Na farko ya iso watan Janairu, zai lalace Disamba. Na biyu ya iso watan Maris, zai lalace Agusta. Wanne za ka fara hiddawa?

Mutari:
A makaranta an koya mana wanda ya fara shiga shi ke fara fita. Amma a nan na Maris zan fara fitarwa, shi ne ajalinsa ya fi kusa.

Sanusi:
To kai ba ka da matsalar aiki, matsalar takarda gare ka. Da yawa nan suke faɗuwa, su rera abin da sunka hardace. Ƙa'idar wanda ya fara shiga ta siminti ce da bokiti da tabarmi. Magani, abinci, irin shuka, ranar lalacewa ake bi.

Bari in ƙara maka abin da ba a koyarwa a aji. Mota ta zo da tan 30 na masara a buhun kilo 50, buhu 600 ke nan bisa takarda. Direba na sauri, ƴan dako na gudu, rana ta take. Kai kana bakin ƙofa, ba ka amsa waya, ba ka gaisawa da kowa. Wasu na ba kowane ɗan dako tsinke ko ɗan kara in ya wuce da buhu, a ƙirga daga baya, wasu na ja layi biyar-biyar a takarda. Ka ware buhun da ya jiƙe ko ya yage, ka ɗora wasu bisa sikeli don buhu na iya cika ido bai cika kilo ba. In 597 ka samu, 597 za ka rubuta a takardar direba kahin ka sa hannu, ko da zai yi ta rantsuwa da iyayensa. In ka sa hannu bisa 600, ukun nan daga albashinka za su hita. Sannan jeri: bisa katako, ba bisa siminti ba, a bar tazara da bango yadda mutum zai zagaya shi ƙirga, shi ga ɓera ko ƙwaro. In an tambaye ka a antiretiyan, wato ganawa da masu ɗauka, yadda kake karɓar kaya, ka ba su labarin haka dalla-dalla. Mai sauraro zai gane ka taɓa tsayawa bakin mota.

Nana Habsu:
Malam Sanusi Allah ya saka. Ni ma layin nake nema. Excel ɗin da ake tambaya, wane mataki ne? Don kowa na rubuta ya iya.

Sanusi:
Ba mai zurfi ba ne, amma gaban kwamfuta za a zaunar da ke. A ba ki jerin shiga da hita, a ce ki hiddo saura. Ki iya tarawa da ɗebewa da formil, ki iya tace jeri, ki iya SOMME.SI mai tara abin da ya cika sharaɗi da RECHERCHEV mai nemo bayani cikin jeri, in kin iya tablo mai taƙaita bayanai kin wuce da yawa. Na ga mai mastar yana lissahi da wayarsa yana kwafe amsa cikin akwatunan Excel. An gode masa an sallame shi.

Bashir:
Kuma ba sai kana da kwamfuta ba. Sibar na nan, wasu ma a waya suke koyo. Ka ɗauki kayan shagon unguwarku ka yi musu fish, sati biyu hannunka ya faɗa.

Mushe Isufu:
Ni ina da ja a kan alkiblar gaba ɗaya. Kuna ta tura yaron nan wajen ƙungiyoyi kamar ba ku ga abin da ya faru ba. Tun da Amurka ta dakatar da kuɗin agajinta a farkon 2025, har aka rufe hukumarta ta agaji USAID, poroje nawa suka tsaya? Mutanen da muka sani da mota mai eriya yau suna gida. Waɗannan su ne za ka yi takara da su, masu shekara goma a mangaza. Kai kuwa ka riga ka yi sarbis sibik, sharaɗin shiga aikin gwamnati na hannunka. Ka shirya wa konkur, jarrabawar shiga aikin gwamnati. Albashin ba shi da yawa, amma akwai lambar ma'aikaci, akwai fansho, ba a ce maka kuɗin poroje ya ƙare.

Lawali:
Konkur ɗin da ake neman mutum ɗari, dubbai su cika lakwal? Mushe kai ma kontiragi ka daɗe kana yi kahin a ba ka lamba.

Mushe Isufu:
Na daɗe, kuma na samu. Kai da ka ƙi jira fa?

Mai kula da zaure:
Jama'a a bar gugar zana. Mu tsaya kan tambayar Mutari.

Hajiya Rabi:
Maganar Mushe gaskiya ce ta fuskar ƙungiyoyi, wuraren sun ragu ƙwarai. Amma bai kamata ta sa Mutari ya saki layinsa ba, sai dai ta sa ya faɗaɗa inda yake dubawa. Mangaza ba ta ƙungiya kaɗai ba ce. OPVN, hukumar ajiyar cimaka ta ƙasa, na da rumbunan abinci, masu sayar da magani da yawa na da ɗakunan ajiya, kamfanonin gini na da wurin siminti da ƙarfe, masu gidajen mai, masu rarraba kayan sha da na masarufi, asibitoci masu zaman kansu. Maraɗi gari ne na kaya. Konkur in ta fito ya yi, ba ta hana komai. Abin da nake hana shi shi ne watsa dosiye ko'ina. Kowace dosiye kuɗi ce: tambur, legalize, hotuna, kaziye. Wanda ya kai goma a fannoni biyar ya fi wanda ya kai uku a fanninsa kashe kuɗi, kuma bai fi shi kusa da aiki ba.

Alhaji Ila:
Salamu alaikum. Yarona ne ya karanta mini, na ce shi rubuta abin da zan hwaɗi. Ni ban yi lakwal ba. Ina da mangaza ta wake da aya da riɗi, muna kai kaya Jibiya da Kano, muna kawo wasu. Abin da ke ba ni mamaki da ɗiyanmu masu takarda, suna wuce ƙohwar mangazata da ambulan a hannu suna neman aikin mangaza. Ba wanda ya taɓa tsayawa ya ce Alhaji, in riƙe maka littahi. Mu kuwa muna bukata. Da kai muke riƙe lissahi, shekaru sun ja, kai ya fara mantuwa. Lokacin kaka mota biyar na iya sauka rana guda. Wanda zai zauna shi rubuta mini shiga da hita, shi gaya mini gaskiyar abin da ya rage, ba zan bar shi da yunwa ba. Amma ni ba takarda nika dubawa ba. Ɗan wa ne, wa zai tsaya mashi, shina sallah, hannunsa na da tsabta. Shi ke nan.

Lawali:
Kun ji ko? Ɗan wa ne. Alhaji ma PAC yake yi.

Alhaji Ila:
Yaro, in na ba ka makullin dukiyata ka gudu, wa zan kama? Limamin unguwarku ma ya isa shi tsaya maka, ba sai minista ba.

Bashir:
Alhaji Allah ya ƙara girma, amma a faɗi gaskiya, aiki wurin ƴan kasuwa ba kontira, ba CNSS ta fanshon ma'aikata, ba ranar hutu. Yau ana dariya da kai, gobe ɗan mai gida ya gama makaranta a ce ka ba shi kujera. Mutum ya yi shekara uku a jami'a don wannan?

Hajiya Rabi:
Bashir, ba cewa aka yi ya tare can har tsufa ba. Dubi abin da sanarwa ke nema: shekara biyu ko uku a irin wannan aiki. Yaro ya ce ta ina zan samu shekarun in ba a ɗauke ni ba? To ga ta inda ake samu. Kaka guda a mangazar Alhaji, buhu dubbai sun bi ta hannunka, ka kafa masa fish inda babu, ka yi ƙidaya ta fito daidai. A teburin ɗaukar ma'aikata wannan ya fi sitaj ɗin da aka yi ana sayo wa shugaba shayi. Sharaɗi guda: a rubuta. Takarda mai kan sunan kasuwancin, da hatimi, da lambar waya da za a kira a samu mutum. Muna kira, kada ku ɗauka ba ma kira.

Nana Habsu:
Hajiya ni tawa matsalar daban ce. An kira ni antiretiyan a wani wuri, jarrabawar rubutu na yi ta da kyau. Da na shiga, tambayar farko: kina da aure? Ta biyu: maigidanki zai bar ki ki kwana Dakoro ko Mayahi in aiki ya kama? Daga nan na ga fuskokinsu sun canza. Namiji ba a yi masa wannan.

Hajiya Rabi:
Ba a yi masa, kuma ba daidai ba ne, dokar aiki ta 2012 ta hana a bambanta mutane saboda jinsi wajen ɗauka. Amma a ɗakin ba za ki tsaya karanta musu doka ba. Abin da nake ba ƴan mata shawara: ku gama wannan magana a gida kafin ranar. In an amince, ki amsa a gajarce ba tare da sunkuyar da kai ba: na karanta sanarwar, na san akwai tafiye-tafiye, na shirya. Sai ki mayar da zancen kan aiki. Abin da suke tsoro shi ne a ɗauke ki, wata biyu ki ce an hana ki. In kuma ba a amince ba, kada ki ce e don a ɗauke ki, ki nemi wuraren da suke zaune cikin gari, suna nan. Kuma ki sani wasu wuraren da gaske suke in sun rubuta cewa suna ƙarfafa mata su nema, musamman ɗakin magani.

Nana Habsu:
An amince Hajiya, inda-inda na yi don tambayar ta zo mini ba zato.

Sanusi:
Mace magaziniye da na yi aiki da ita, ƴan dako sun hi jin tsoronta da ni. Ba ta dariya bakin mota.

Mutari:
To zancen albashi fa? In an ce nawa kake so, me mutum zai ce? Ina tsoron in faɗi da yawa a kore ni, in faɗi kaɗan in cuci kaina.

Hajiya Rabi:
Manyan ƙungiyoyi da kamfanoni suna da jadawalinsu, kowane matsayi da kuɗinsa, ba ciniki ake yi ba sosai. Kana iya cewa ka san suna da jadawali kuma ka yarda da shi, sannan ka tambaya nawa ne na wannan matsayi. Ƙananan wurare ne ake ciniki. Kafin ka je ka tambayi masu irin aikin a gari nawa suke samu, ka faɗi tsakanin kaza da kaza. Ka riƙe a ranka cewa mafi ƙarancin albashi a doka jika 42 ne tun farkon 2024, da can jika 30 da ƴan kai ne, to mai lisans da ke riƙe da dukiya bai kamata a tsaya masa a nan ba. Kuma duk adadin da aka faɗa maka ka tambaya: wannan kafin a cire haraji da CNSS ne ko abin da zai shigo hannuna? Mutane da yawa sun yi murna a ɗaki, ƙarshen wata suka ga wani abu daban. Kada kuma kai ka fara tayar da zancen kuɗi.

Bashir:
Tunda ana zancen kuɗi, a yi hattara da sanarwar da ke yawo a WhatsApp. Za ka ga tambarin babbar ƙungiya, wurare hamsin, albashi mai tsoka, sai a ƙasa a ce ka tura jika biyar ko goma kuɗin buɗe dosiye ta wata lamba. Wani maƙwabcinmu ya tura, aka ce ya ƙara na gwajin likita, ya ƙara, daga nan lambar ta mutu. Mai ɗaukar aiki na gaskiya ba ya karɓar kuɗinka. Ka duba adireshin imel ɗin, ka je ofishinsu ko na ANPE ka ga ko an liƙa, ko ka duba jaridar Le Sahel.

Mushe Isufu:
Konkur ta gwamnati kam akwai kuɗin rajista, amma da rasit ake biya a inda sanarwar hukuma ta ce, ba a lambar wani ba. A bambanta.

Lawali:
To ni duk na ji. Amma ku ba ni mutum guda da kunka sani ya samu aiki ba da kowa ba.

Sanusi:
Ga ni. Ubana manomi ne a Gidan Rumji. Da ɗan ƙirga na fara, ana biyana kullum-kullum lokacin rabon abinci. In an tashi kowa ya watse, ni in tsaya in taya magaziniye jera takardunsa don in ga yadda yake yi. Da wurin mataimaki ya buɗe shi ya ce in kai dosiye, na yi jarrabawa da sauran mutane. In kana so ka kira wannan hanya, to hanya ce, amma bakin mota na same ta.

Lawali:
Zamaninku daban Malam Sanusi. Lokacin poroje na neman mutane.

Sanusi:
Wannan kam gaskiya ne, yanzu ya hi wuya. Ban ce da sauƙi ba.

Nana Habsu:
Wata tambaya. Tunda an ce Hausa ce harshen ƙasa tun 2025, ana iya rubuta wasiƙar neman aiki da ita?

Mushe Isufu:
Kundin da aka fitar a watan Maris na 2025 ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. To ki bi harshen da aka rubuta sanarwar da shi. Kuma ki ba wani ya duba miki kurakurai kafin ki buga, wasiƙa mai kuskure a layin farko tana kashe gwiwar mai karatu. Amma ki rubuta harsunan da kike ji a CV. Wanda za a tura Bermo, in yana jin Fulatanci ko Tamajak, ya riga sauran.

Bashir:
Ingilishi ma kada a raina shi a garin nan. Takardun kayan da ke shigowa ta Ɗan Isa da shi suke zuwa, kuma in layin dogon Kano zuwa Maraɗi ya kammala, masu lojistik da ke jin harsunan biyu za a nema.

Hajiya Rabi:
Ƙaramin abu na ƙarshe daga gare ni, don shi ya fi ba ni haushi. Lambar waya. Mun taɓa zaɓen mutum, aka yi ta kira kwana biyu waya a kashe, aka ɗauki na bayansa. Ka sa lamba biyu, ta biyun ta wanda ke ɗauka kuma ya san kana neman aiki. In baƙuwar lamba ta kira ka a lokacin da ka kai dosiye, ka yi sallama ka faɗi sunanka, ban da "wa ke magana" da tsawa. Mutanen da ka sa a matsayin masu shaidarka kuma ka sanar da su tun wuri, kada a kira mutum ya ce wane Mutari.

Mutari:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Gobe zan je wurin tsohon shugabana kan atestasiyo. Hajiya in na sake CV ɗin zan iya turo miki ki duba? Alhaji kuma in da hali ina so in zo in gaishe ku.

Hajiya Rabi:
Turo, amma kada ta wuce shafi biyu, kuma ka cire zancen kana son ƙwallo da karatun littattafai.

Alhaji Ila:
Ka zo bayan la'asar, da sahe ba ni da lokacin kowa. Ka zo da babbanka.

Nana Habsu:
Malam Sanusi, ku ba ku ɗaukar masu sitaj? Ko ba biya, in dai za a ba ni takarda.

Sanusi:
Ba ni ke ɗauka ba, sai kin rubuta wa shugabanmu, kuma ki tambaya a ANPE don suna da tsarin sitaj na masu difloma. Amma ƙarshen wata muna ƙidaya, kullum hannu na yi mana kaɗan. Zan tambaya ko za a bari ku zo ke da Mutari ku taya mu ƙirga. In an yarda zan sanar a nan. Ku zo da biro biyu da takalmi rufaffe, kuma ku ci abinci kahin ku taho, ba a tashi sai lissahi ya hau.